Hoton Yaya a Cikin Taɓo

A gidanmu ba a ɗaukar mutum hoto sai ya yi wanka. Ba gidanmu kaɗai ba, duk tsakanin Kura da Bunkure haka na taso na tarar. Mutum zai yini a fangalin shinkafa, taɓo har gwiwa, amma kana ɗago waya ka nufe shi sai ya ɗaga maka hannu ya ce ka bari ya je gida ya dawo. Hoto na ranar Juma'a ne, na ɗaurin aure da suna da Sallah. Ni ma a haka na ɗauke shi har furfura ta fara leƙo mini, kuma da ba don gwiwar Inna ba, da har yau ban tsaya na yi tunani a kai ba.

Gwiwar ta daɗe tana damunta, har ta kai sallah ma sai a zaune. Likitoci suka ce sai an yi aiki, dangi suka zauna aka yanke shawarar kai ta Masar. Mu biyu ne 'ya'yanta maza, ni da Yaya, kuma babu wanda ya tambayi wanda zai raka ta. Yaya ne babba, shi ya riƙe gida da gona tun rasuwar Baba. Ya je ya yi fasfo, ya ba tela ɗinkin sabuwar shadda. Bai taɓa fita ƙasar nan ba, kuma ko bai faɗa ba kowa ya ga ɗokinsa, domin mutumin da magana ke yi wa wuya sai ga shi yana tare alhazai a ƙofar masallaci yana tambayarsu ko da gaske kunne yana toshewa a jirgi. Sai da aka gama duk wannan shiri asibitin suka aiko da rana, ta faɗo daidai tsakiyar dashe.

Rannan da hantsi muna tsaye a bakin kanal ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Kai za ka tafi da Inna.”

Na ce ya tafi abinsa, ni zan tsaya a kan dashen.

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya ce, “Kai ɗin?”

Raina ya ɓaci, don ni ma ba a kan kujera aka haife ni ba. Amma na san abin da yake nufi. Ni ina noma, shi kuwa manomi ne. Rabin yinina a injin casar shinkafa nake yin sa a Kura, ina rigima da direbobi da masu awo. Shi tun asuba yana gona, kuma in ma'aikata suka dasa masa layi ya karkace, sai ya sa an tuge an sake. Haka ya ninke shaddarsa ya mayar akwati, ni na hau jirgi.

Tun daga filin jirgin Alƙahira na fara ɗaukar hoto ina turawa guruf ɗinmu na dangi. Ni ba dogayen benaye ne suka ɗauke mini hankali ba. Na ɗauki wani mai keke da ya ɗora faffaɗan katako a ka, shaƙe da gurasa, yana ratsa motoci da hannu ɗaya. Na ɗauki kwandon da matan unguwarmu ke zurowa da igiya daga saman bene, mai shago ya zuba musu kayan miya su janye, ba sai sun sauko ba. Na ɗauki waken da suke karyawa da shi kowace safiya ba gajiyawa, da keken jaki a tsakiyar birni, da adaidaita sahu irin tamu sak, har gangancin direbobin. Ƙannena mata ba ruwansu da abin da na ɗauka. Sai su buɗa hoton su hango wata mata da ke wucewa can baya, su ce irin abayarta suke so. Yaya kuwa amsarsa ɗaya ce ko me na tura: “Ya jikin Inna?” Amma matarsa ta gaya wa matata cewa in ya dawo daga gona ya ci abinci, ɗaya bayan ɗaya yake bin hotunan.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Abin da ya rage shi ne gashin gwiwa da koyon tafiya, kullum a je asibiti a dawo. Akwai wani mai tasi, sa'ana ne, da muka saba da shi har ya zama shi ke kai mu. Larabcina na makarantar zaure ne, in na yi magana sai ya yi ta dariya ya ce kamar liman a kan mumbari, amma muna fahimtar juna. Da ya ji ni daga gidan noma na fito, ya ce ai mahaifinsa ma manomin shinkafa ne a wani ƙauye arewa da birnin, kuma lallai sai ya kai ni. Wata Asabar da Inna ba za ta je gashin gwiwa ba na bar ta a hannun wata Bakanuwa da ke bene ɗaya da mu, wadda ta kawo mijinta jinya, muka kama hanya.

Muna fita daga birni na ji kamar an sauke mini kaya. Ga kanal, ga injinan ban ruwa suna ta ƙara, ga balbelu, ga warin taɓon nan da duk inda na ji shi a duniya zan gane. Gonakinsu ƙanana ne, a matse, ko taki ɗaya ba su bari a banza ba. Mahaifin nasa dattijo ne siriri, ya kusa sa'an Baba, da jallabiya da ɗan rawani, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Ya kama hannuna bai saki ba sai da ya zagaya da ni gonarsa kaf, ya nuna mini ɓaunar da suke tatsa, da dogon ɗakin tattabarunsa, da inda ruwa ke shigo masa ranar da layi ya zo kansa. Mutanen Masar ba sa gajiya da yabon ƙasarsu, kuma dattijon nan ya fi kowa. Ya ce ruwan Nilu babu irinsa, shinkafarsu babu irinta, albasarsu har Turai.

To, ni ma Bakano ne. Na gyara zama a kan tabarma na tattaro ɗan Larabcin da nake da shi. Na ba shi labarin ruwan Tiga da yadda yake biyo kanal har ƙofar gonarmu. Na ce mu rani da damina duk ɗaya ne a wurinmu, in an ɗauke shinkafa a sa alkama, a sa albasa, a sa tumatir, manyan motoci su yi layi suna lodi zuwa kudu. Na ce a Kura ƙarar injin casa ba ta yankewa. Sannan na ce duk yankinmu in ana maganar dashe, yayana ake fara ambata. Wannan ban ƙara gishiri ba.

Dattijo ya saurare ni har na gama, ya miƙo hannu ya ce, “Nuna mini.”

Na buɗe waya da ƙarfin gwiwa. Ɗaurin aure. Suna. Ni a gaban motar wani. Yara da kayan Sallah. Yaya a zaure da babbar riga. Na yi ta ja har na kai ƙarshe, babu gona ko ɗaya, babu kanal, babu ko zangarniyar shinkafa. Mutumin da ya cika wa dattijo kunne da noma, a wayarsa ko fartanya babu. Kunya ta kama ni, na tashi na koma gefe na kira Yaya.

Na ce, “Yaya, ga ni a gonar wani dattijo manomi. Na ba shi labarinka, yana so ya gan ka, ya ga gonarmu. Ka sa a ɗauka a turo mini yanzu.”

Ina jin hayaniyar masu dashe a bayansa. Ya ce, “Balarabe ne?”

“Balarabe ne.”

“To, bari.”

Muka yi ta jira. Aka kawo gurasa mai mai da cuku da zuma muka ci, muka yi azahar, aka kawo shayi, aka sake kawo wani. Ina ta duba waya ina cewa matsalar sabis ce. Can sai ga hotuna sun fara shigowa daga wayar ɗan gwaggonmu, abokin wasanmu, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tamu, shi ne mai waya mai kyau a layin.

Yaya ne tsaye a kan hanyar bakin kanal, cikin shaddar nan da ya ɗinka don tafiya, sai ƙyalli take yi, karin guga bai ko kwanta ba. Ga hula zanna, ga agogo, ga takalmi sau-ciki. Dama da hagu ma'aikatansa ne, su ma kowa ya je gida ya yi wanka ya sako ta Juma'a, sun jeru sun ƙame kamar masu jiran gwamna. Gonar kuwa sai ka leƙa ta tsakanin kafaɗunsu kake hango ɗan kore. Dariya ta zo mini, sai kuma na fasa. Mutumin da ya ƙi zuwa Masar saboda dashe, yau ya tsayar da dashen da rana tsaka, ya sallami mutane su je su yi wanka, don wani dattijo da bai sani ba zai gan shi.

Na miƙa wa dattijo. Ya duba ya jinjina kai ya ce masha Allah, yayana basha ne, wato babban mutum mai ƙasa. Ya tambaye ni cikin ladabi ko manoma nawa ke yi masa aiki. Sai na ga ya jawo bakin jallabiyarsa ya rufe ƙafafunsa masu taɓo. Wannan abu ya sosa mini rai ƙwarai. Na shiga rantse-rantse cewa wallahi yayana da hannunsa yake yi, ya fi kowane ɗan ƙwadago shiga ruwa, amma Larabcin ya watse mini, kuma ga shadda tana ƙaryata ni. Ya ce e, e, ya gane, irin amsar da ake ba baƙo don kada a kunyata shi. Ya miƙa wa ɗansa wayar.

Tana hannun ɗan nasa wani hoton ya shigo. Na ga ya zaro ido ya matsa kusa da uban. Ashe ɗan gwaggonmu, da yake ba ya rabuwa da tsiya, ya faki idon Yaya ya ɗauke shi tun kafin ya fito daga fangali, ya ajiye sai da na shadda suka gama tafiya sannan ya sako shi. Har da rubutu a ƙasa: “Ga Alhajin kafin wanka.”

Yaya ne a sunkuye, da tsohuwar singileti da ta yage a kafaɗa, wando a naɗe, malafa ta karkace, taɓo har cinya. Damin iri a hannun hagu, na dama a nutse cikin ruwa. Ya ɗago kai ke nan bakinsa a buɗe, da gani zagin mai ɗaukar zai yi. A bayansa kuma ga layukan dashe sun miƙe sambal har bakin kanal, kamar an ja su da zare, ruwa kwance a tsakaninsu daidai wa daida.

Dattijo ya karɓe wayar. Ya sa manyan yatsunsa ya buɗa hoton, ba fuskar ya nufa ba, hannun ya duba, ya daɗe a kai, sannan ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ya koma kan na shadda, ya dawo kan na taɓo, ya dube ni ya ce, “Shi ne?” Na ce shi ne. Sai ya fashe da dariya ya daka mini duka a cinya, ya ce to me ya sa tun farko ban nuna masa wannan ba, ai wannan ɗan'uwansa ne. Ya ƙwala wa maƙwabtansa kira, suka zo suka kewaye wayar, suna nuna tazarar da ke tsakanin shuka da shuka suna gardama a junansu. Wani ya tambaye ni ko da igiya ake dasawa. Na ce ma'aikata da igiya, Yaya da ido.

Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba, kuma ba na jin zan sake. Ina zaune a ƙasar mutane, a kan tabarmar mutane, manoman da suka gaji noma tun zamanin Fir'auna suna miƙa wa juna hoton yayana suna jinjina kai.

Dattijo bai tsaya nan ba. Ya tashi ya ja mu zuwa gonarsa, ya tattare jallabiya ya soke a ƙugu, ya faɗa cikin ruwa har tsakiyar shinkafa. Ya ɗaga tafukan hannunsa biyu, duk kanta da tsaga, ya ce ɗansa ya ɗauke shi da wayata. Da ya fito ya ce, “Ka kai wa ɗan'uwana.”

Muna hanyar komawa birni da la'asar Yaya ya kira. Ko sallama bai gama ba ya ce, “Wannan ɗan banzan ya turo maka wani hoto. Ka goge shi.”

Na ce, “Yaya, ai an riga an gani.”

“Balaraben ya gani?”

“Ya gani. Bari ka ji abin da ya ce.”

“A ƙasar mutane,” in ji shi, a hankali. Ya kashe wayar.

Daga ranar bai sake kirana ba. Wayar Inna yake kira kai tsaye, su gaisa, ya tambayi gwiwa, in ta ce ga ƙaninka sai ya ce ana jiransa. A guruf ma ko “ya jikin Inna” ya daina. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni, na ce a raina wannan wace irin rigima ce, mutum a yabe shi ya yi fushi. Na kai ƙara wurin Inna. Ta yi dariya har da riƙe gwiwa, sannan ta goge ido ta ce, “Kai ma ba ka da hankali. Kayan nan don tafiyar ya ɗinka su. Shi bai je ba, ya so ko su su je da mutuncinsu, sai aka kai shi tsirara.” Na ce ba tsirara yake ba, da singileti. Ta ce in rufe mata baki.

Hoton dattijon na riƙe shi ban tura ba. Na san Yaya, in ya gan shi a waya ba bayani zai ɗauka wata tsokanar ce, Balarabe ya shiga taɓo yana kwaikwayonsa. Sauran kwanakin nan na ci gaba da ɗaukar hotuna, na je na ga dalar Fir'auna, na hau jirgin ruwa a Nilu, amma daɗin abin ya ragu, domin wanda nake so ya gani ya daina yi mini magana.

Muka dawo Inna tana takawa da sanda, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Aka raba tsaraba, masu abaya suka samu, wasu suka ce ba kalar da suka nuna ba ke nan. A zaure wayata ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, ana tambayata ko da gaske wake suke ci kullum, ko matan nan ba sa tsoron igiyar kwandon ta tsinke. Ɗan gwaggonmu ya leƙo ya gaishe da Inna ya sulale, don ya san abin da ke jiransa. Yaya yana gefe a kan buzunsa. Ya yi mini sannu da hanya kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, bai karɓi wayar ba ko sau ɗaya.

Sai da mutane suka watse bayan la'asar na matsa kusa da shi, na buɗe hoton dattijon na ajiye masa a cinya. Ban bari ya yi magana ba, na ba shi labari tun daga farko: yadda dattijon ya rufe ƙafafunsa da ya ga shadda, yadda ya buɗa hoton taɓon ya tsaya a kan hannu, yadda ya tara maƙwabta, da saƙon da ya ba ni. Yaya bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallo.

“Da kansa yake shiga, da wannan shekarun?”

“Da kansa.”

“'Ya'yansa fa?”

“Suna birni. Ɗaya shi ne direbanmu.”

Ya gyaɗa kai. Ya kawo wayar kusa da ido ya ce, “Ya cika iri. Shinkafar ta matse da yawa.” Ya miƙo mini abata, ya tashi ya shiga cikin gida. Na zauna ni kaɗai a zaure ina cewa shi ke nan, wannan fushin sai dai Inna ta sa baki.

Washegari da safe ina shirin tafiya injin wayata ta yi ƙara. Shi ne, karo na farko tun ranar Asabar ɗin nan.

“Kana ina? Ka biyo ta gona. Ka taho da wayar.”

Na same shi a tsakiyar fangali yana cirar ciyawa. Shinkafar ta kama ƙasa ta yi kore shar, iska tana kaɗa ta tun daga nan har inda ido ya ƙare. Yana cikin kayan aikinsa, taɓo har a kumatu. Ya miƙe ya nuna mini wani wuri da hannu.

“Koma can, ka ba rana baya. Ka ɗauko har kanal, kuma kada ka yanke ƙafafuna.”

Na ce ya goge kumatunsa tukuna. Ya ce in bar shi yadda yake, in yi abin da ya kawo ni. Ya tsaya da ciyawar a hannu, bai yi murmushi ba, bai ƙame ba, tsayuwarsa ta kullum. Na ɗauka, na nuna masa daga nesa, ya ce ya yi.

“Ka tura wa ɗan nasa ya kai masa.”

“Me zan rubuta?”

Ya riga ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Har na ɗauka bai ji ba, sai ya yi magana yana kallon ruwa.

“Ka ce ina gaishe shi. Ka ce gonar babanmu ce. Da ba don ita ba, da ni zai gani a gidansa, ba kai ba.”

Na rubuta yadda ya faɗa, ban rage komai ba, na tura. Sannan na sa wayar a aljihu, na cire takalmina na naɗe wando, na shiga na kama layin da ke kusa da nasa.